Tampol Mai Warin Albasa

New Bell, Duwala

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, 'yata kuma uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko kina cikin jirgin ƙasa ne, ko kin riga kin sauka Yagwa wajen Gwaggonki Asabe. Na ce wa Mamanki ta cusa ta can ƙasan jaka, don na san in na miƙa miki a tasha a gabana za ki buɗe, ni kuma ba na so a ga dillalin albasa na kasuwar Sandaga yana share ido da hannun riga.

Ba zan yi miki maganar aiki ba. Ke kika karanci aikin ungozoma, ni ko allura ba na son gani. Maganar kamun kai kuwa Mamanki ta daɗe tana yi miki, ina jiyo ku ta taga. Abin da ya rage mini shi ne wanda ku yara kuka sa wa suna haukan Baba, wato kwanan fili. Garin da aka tura ki a bakin kogin Logon yake, kuma direbobin da ke kawo mana albasa daga arewa sun sha ba ni labarin yadda ruwa ke shiga unguwanni in damina ta yi nisa. Saboda haka ki ba ni aron hankalinki in faɗa miki yadda abin ya faro, da wuraren da na yi shirme. Wasu kin gani da idonki, wasu kuma kina ƙarama ba za ki tuna ba.

Lokacin ambaliyar farko ba ki ma shiga firamare ba, ƙannenki Hasan da Usaini kuwa ana goyon su. Watan Agusta ne. Tun asuba ake ruwa irin na Duwala, ba iska ba tsawa, sai zuba kawai kamar an buɗe famfo an manta. Wajen hantsi kwatar bayan gidanmu ta toshe da robobi, ruwa ya juyo ta ƙofar gida. Ina tsaye ina cewa yanzu zai ja baya, ya kai idon sawu. Ina cewa ai bara ma haka ya yi, ya kai gwiwa. Sai da na ga takalmana sun bi ta gabana sun fice titi sannan na yarda.

Mutanen layinmu duka suka nufi benen nan da ke kallon gidanmu, wanda mai shi ya zuba daben sama ya tsaya, ba rufi ba ƙofa. Mamanki ta goya ɗaya, ta rungume ɗaya, ta riƙe hannunki. Hajiya mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, Allah Ya jiƙanta, ta ɗauki butarta da carbinta ta bi bayansu. Ni kuma maigida na koma ciki don in ceto dukiya. Na ɗora talabijin a ka na hau da ita. Na sake komawa na ciccibo buhun shinkafa. Na zauna ina haki, ina ganin na yi abin da ya kamaci namiji.

Hajiya ta dubi talabijin ɗin, ta dubi sama da ke zubo mana ruwa a ka, ta ce, “Garba, tunda ka kawo ta, kunna mana mu ji ko ana ruwa a Duwala.”

Duk wanda ke jin Hausa a wurin ya yi dariya. Waɗanda ba sa ji aka fassara musu, su ma suka yi.

Shinkafar ma ba ta fi talabijin amfani ba. Ba tukunya, gawayinmu yana ƙarƙashin ruwa, ashanar da ke aljihuna ta zama kunu. Azahar ta wuce kika fara kukan yunwa, ina zaune a kan buhu guda na abinci ba ni da abin sa miki a baki. Maƙwabciyarmu Mama Odil mai gasa kifi ce ta buɗe bokitinta, ta ciro bobolo, tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye, ta gutsuro miki tare da soyayyar gyaɗa. Ta ce mini da Faransanci, “Alaji, bar yarinya ta ci, shinkafarka sai gobe.”

To ga na farko, Ummi. In ruwa ya zo, kada ki tambayi kanki me ya fi tsada a ɗakin nan. Ki tambayi kanki me za ki nema kafin rana ta faɗi. Ruwan sha, abin rufa, abin da ake ci ba sai an ɗora a wuta ba, magani, da takardunki a cikin leda. Sauran ki ɗora su a sama in da hali, ki ja ƙofa ki fita. Kuma kada ki tsaya gardama da ruwa kamar yadda na yi. Da ya taɓa dokin ƙofa, lokacin tafiya ya yi.

Bayan ruwa ya janye muka kwashe laka, abin ya tsaya mini a rai. Na ce ba zan sake zama a kan buhu 'yata tana kuka ba. Na je wurin abokina Bappa Hamadu, direban babbar mota da ke kawo mini kaya daga Marwa, na roƙe shi tsohon tampol ɗin da yake rufe albasa da shi. Ya ba ni kore, mai faci a tsakiya. Na dawo gida na ce da rani za mu je fegin da na saya a bayan gari ta hanyar Edeya, wanda har yau ban sa masa bulo ba, mu kwana a can mu gwada zaman da ba ɗaki.

Mamanki ta ce, “Malam, muna da ɗaki muna da gado, mu bar su mu je mu kwanta a ciyawa? Me za a ce da mu a unguwa?”

Na ce, “A ce mun je shan iska.”

Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce a kai ta, rabonta da kwana a fili tun zuwansu daga arewa a bayan motar goro. Tunda Hajiya ta ce za ta, ba wanda ya ƙara magana.

Muka isa da rana tsaka. Na zagaya fegin na zaɓi wurin da ya fi laushi, ciyawa lif kamar katifa, ban tambayi kaina me ya sa nan ne kaɗai ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani ba. Na kafa sanduna, na ɗaure tampol a shimfiɗe kamar silin ɗin ɗaki, na ja baya ina kallon aikina. Mamanki ta ɗora dafa-duka a kan kurfoti, murhun gawayinmu, a gefe. Kin san ranin Duwala suna ne kawai. Dab da magariba hadari ya taso, ruwa ya sauko. Tampol ya fara tara ruwa a tsakiya, ya yi ciki, cikin yana saukowa har ya kusa taɓa kan Hajiya. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Na ɗauki sanda na tokare cikin daga ƙasa don ruwan ya zube ta baya. Ta gaba ya zube. Rabi a kaina, rabi a tukunyar Mamanki da ta buɗe a daidai lokacin don ta duba gishiri. Kafin mu gama da na sama, na ƙasa ya iso, domin wurin nan mai laushi kwari ne, duk ruwan fegin nan yake taruwa. Tabarmi suka jiƙe. Burodi da ruwan shayi muka ci, muna tsugune a kan jarkoki.

Ke kam daɗi kika ji. Kina ta tsalle a cikin ruwa kina cewa a sake. Sai da kika koma makaranta malamarku ta tambaya ko a tukunyar miya kika kwana, saboda warin albasar tampol ya kama kayanki, sannan kika daina yi mini magana har yamma.

Da na ba Bappa Hamadu labari ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, “Garba, shekara nawa kana sauke kaya a motata, ka taɓa ganin na ɗaure shi ba tudu a tsakiya?” Gaskiyarsa. Kullum ina gani, ban taɓa dubawa ba. Zuwa na gaba muka ɗaga gefe ɗaya, muka sauke ɗayan, muka haƙa 'yar hanyar ruwa kewaye, muka ajiye bokiti a inda yake zuba. Ruwan da ya jiƙa ni a zuwan farko, da shi muka yi alwala da wanke-wanke a na biyu.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, kayan da ba ki taɓa gwadawa ba, ba ki da su tukuna. Ko tocila ce, ko gidan sauro, ko igiya, ki kunna, ki ɗaura, ki kwance, a ranar da ba abin da ya dame ki. Shirmen da za ki yi a ranar sai ya zama abin dariya. In kika bari sai ranar tsanani, shirmen ɗaya ne amma ba mai dariya. Kuma ki guji wuri mai laushi. Ki nemi tudu ko da tsakuwa za ta soke ki.

Sai maganar duro. Na sayo shuɗin duron roba mai murfi, na cika shi da garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da kilishi, da dabino, da suga, da gwangwanayen sardin. Na rufe, na ɗaure da igiya, na tara ku na ce duk wanda ya taɓa shi zai gamu da ni, wannan na ranar wahala ne.

Mamanki ta ce, “Malam, nan fa Duwala ne. Takalmi ma in ka ajiye shi wata guda gashi yake fitarwa.”

Na ce roba ce, iska ba ta shiga. Ta ce to.

Da rani ya zagayo muka tafi fegi da duron, ban yarda an ɗauki wani abinci ba, don in nuna muku amfanin tanadi. Na kwance igiya a gabanku, na ɗaga murfi. Warin da ya fito ya sa Hajiya ta ja mayafi ta rufe hanci. Kilishin ya yi kore. Garin ya dunƙule ya yi tsami. Dabinon kuwa wasu sun riga mu, suna ta yawo a ciki. Usaini ya leƙa ya ce, “Baba, naman ya tsiro.” Sardin kaɗai ya tsira, sai suga da ya zama dutse. Wata mata da ke noma kusa da mu ta sayar mana da rogo, muka dafa muka ci da sardin. Da ma Mamanki ta yi magana da ya fi mini sauƙi, domin duk lomar da na kai baki sai ta dube ni ta yi murmushi.

Daga ranar ta karɓi duron. Ta daina zuba abu a buɗe, ta koma ɗura gari da gyaɗa da suga a gorunan roba masu murfi, kowanne daban. Ashana ma gora ta samu. Gawayi ta ƙulle a leda ta rataye a sama. Kuma daga ciki muke ci. In ta ɗebi na ƙasa ta yi muku kwaɗo, sai ta sayo sabo ta mayar. Ruwan jarkoki haka, a yi aiki da shi a sake cikawa. Tun daga nan ba abin da ya ƙara lalacewa.

Ke ma haka za ki yi. Tanadin abinci ba binnewa ba ne, juyawa ne. Ki ajiye abin da kike ci dama, ki ci abin da kika ajiye. Can arewa ba damshi irin namu, amma akwai ƙwari da ɓeraye da zafin da ke sa mai ya yi ɗaci, sai ki tambayi Gwaggonki me ke daɗewa a wurinsu. In wadda ta fi ki sanin wurin ta ce abu ba zai yi ba, kada ki ce mata roba ce.

Akwai kuma shekarun usur, waɗanda na san ba ki manta ba. Da na ga mun fara iyawa sai abin ya hau mini kai. Na sayo usur irin na alƙalin ƙwallo. Da an sallame sallar asuba in busa, kowa ya naɗe tabarma da gudu, a sauke tampol a sake kafawa, ina tsaye ina faɗa. 'Yan biyu suka fara ciwon ciki duk ranar da aka ce za a fegi. Ke kuma, shekarar da kika shiga kolej, kika zo kika durƙusa kika ce, “Baba, don Allah a bar ni a gida wajen Mama Odil.” Na ce ba inda za a bar ki. Kika tashi idonki ya ciko, kika shige ɗaki.

Mamanki ta bari sai da na ci abinci, sannan ta ce, “Malam, yarinya ta girma. A ina za ta canza kaya? A ina za ta zaga? Ramin da ka haƙa zani ɗaya ka kare shi da shi, iska na ɗagawa. Ni ma haƙuri nake yi tun farko.”

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na yi tunanin ruwa, na yi tunanin wuta da abinci, amma abin da ya fi damun rabin mutanen gidana bai zo mini ba, don ni bai taɓa damuna ba. Zuwa na gaba, kafin a kafa wurin kwana sai da muka kafa makewayi na buhuna, mai ƙofa da igiyar ɗaurewa daga ciki, muka kuma raba tampol da labule. Usur kuwa Hajiya ta ce in ba ta ta gani. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ban sake ganinsa ba.

Daga nan kwanan fili ya zama abin da kuke ɗoki. A gasa masara, Hajiya ta yi muku tatsuniya, 'yan biyu su buga ƙwallo har su gaji. Kowa da aikinsa ba tare da an busa masa komai ba. Su ɗebo ruwa, Mamanki wuta, ke igiya da tampol, domin ƙullinki ya fi nawa kamawa. Ni aka bar mini haƙa rami.

Ke da za ki yi aiki da mata, wannan ya fi shafar ki. Duk inda mutane suka taru don gudun ruwa, ki fara duba inda mace za ta suturta kanta, da abin da take bukata wanda ba za ta iya faɗa a gaban maza ba. Ba za su zo su gaya miki ba, sai dai ki ga sun ƙi cin abinci sun ƙi shan ruwa don kada su bukaci zagawa. Kuma in kina so mutane su koyi abu, kada ki tsorata su. Abin da kuka koya kuna dariya shi ya zauna muku.

Na ƙarshe shi ne babba, kuma ke kika fi ni sanin rabinsa. Bari in ba ki rabin da ba ki gani ba.

Kina ajin ƙarshe na kolej lokacin. Hajiya ƙafafu sun riga sun ƙi, sai an ɗaga ta an kwantar. Na tara tampol da duro da jarkoki a ɗan siton da ke zaure, na sa kwaɗo, saboda 'yan biyu sun gano hanyar dabino. Makullin kuwa a aljihuna yake kwana. Ran nan mota ta iso mini Sandaga, na fita da sassafe ana yayyafi. Muna cikin sauke kaya ruwa ya ƙarfafa. Wajen azahar wayata ta yi ƙara, na ji muryar Mamanki.

“Malam, ruwa ya shigo, ya wuce na wancan karon. Ina makullin sito?”

Na sa hannu a aljihu na ji shi. Kafin in buɗe baki layin ya yanke, na kira na kira bai shiga ba.

Na bar albasa a hannun yaran kasuwa na fito. Ba ɗan bensikin, wato ɗan acaba, da ya yarda ya ɗauke ni, duk wanda na ce wa New Bell sai ya girgiza kai ya ja babur ɗinsa. Na kama hanya a ƙasa. Wurare da yawa ruwa ya kai cinya, ina bin bango ina laluben ƙasa da ƙafa don kada in faɗa kwata. Na zagaya ta wajen unguwar Nkololun ina neman inda ya fi tudu, can ma haka. Makullin yana cikin tafin hannuna, na damƙe shi har ya yi mini shaida. Ba abin da nake gani sai Hajiya a kan gadonta ruwa yana hawa, da ku a tsaye a ƙofar sito, duk abin da muka yi shekaru muna koyo yana bayan kwaɗon da ni na sa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina haka ba.

La'asar ta yi sannan na shawo kwanar layinmu. Na ɗaga kai. A saman benen nan, wanda har lokacin mai shi bai ƙara masa komai ba, sai ga koren tampol a kafe, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, ruwa yana gangarowa cikin bokiti. Na tsaya a cikin ruwa ina kallo.

Da na hau na tarar da rabin layinmu a ƙarƙashinsa. An kare kusurwa ɗaya da zannuwa don mata. Kurfoti yana ci, Mamanki tana zuba shayi. Hajiya tana zaune a kujerar roba an lulluɓe ta da bargo, maganinta na hawan jini a cinyarta cikin leda. 'Ya'yan Mama Odil ne suka ɗauko ta a kujerar, tare da wani ɗan kasuwa baƙo daga Najeriya da bai daɗe da kama haya a layin ba, wanda ko sunansa ban sani ba a lokacin. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Garba, ka iso? Yau ba ka kawo mana abin kallo ba?”

Sai ga ki kin zo, kanki a ƙasa, kika ce, “Baba, na fasa ƙofar sito da taɓarya.”

Na ce, “Da kin jira ni ne, da na yi fushi.”

Na buɗe hannuna na dubi makullin, na rasa me zan yi da shi, na mayar aljihu.

Ban gama shirme ba duk da haka. Da na ga gorunan gari suna ƙarewa, abincin da na lissafa zai riƙe gidana kwanaki yana tafiya a wuni ɗaya, sai na matsa kusa da Mamanki na ce a hankali, “A riƙa ragewa mana, gobe fa?”

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, “Waɗanda suka ɗauko mahaifiyarka ne suke ci.”

Washegari kuwa abinci ya fi ƙarfinmu. Mama Odil ta sa aka ɗauko kifinta da zai lalace, aka gasa shi duka. Tela na ƙarshen layi ya hauro da tukunyar gas. Baƙon nan ya fasa katon ɗin taliya daga kayan sayarwarsa. Wata ta kawo barkono, wani ya kawo mai. Mu da muke da wuta da rufi, su da suke da abin dafawa, sai ga shi ba wanda ya kwana da yunwa har ruwa ya janye. Mutanen da suka yi shekaru suna ce mini Alaji mai kwanan daji, bayan nan su suka riƙa aiko ni wurin Bappa Hamadu neman tsohon tampol, har ya ce in gaya musu nasa sun ƙare.

Abu biyu ke nan a rana ɗaya. Kada shiri ya zama a hannunki ke kaɗai. Duk wanda kuke kwana gida ɗaya ya san inda kaya suke, ya san yadda ake buɗewa da yadda ake kafawa, domin ruwa ba ya jira sai kina gida. Sannan in kina auna abinci ki sa da maƙwabta. Ni na shirya wa gidana kaɗai, amma da ranar ta zo hannun wasu ne ya hau da uwata bene.

Saboda haka in kin huta gajiyar hanya, kafin damina ta kankama, ki yi yawo a unguwar da ƙafa. Ki gaida tsofaffin mata, ki tambaye su ina ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, kuma ina mutane suka gudu. Ki je ki ga wurin da idonki, ki san hanyarsa. Ki san sunayen maƙwabtanki tun ba ki bukace su ba. Wata rana da sararin sama yake garau, ki ja Gwaggonki da yaranta ku kwana a tsakar gida, ku dafa abinci ba gas ba lantarki, ku ga me kuka manta. Za ta ce haukan yayanta ya biyo ki har Yagwa. Ki ce mata e, sannan ki ba ta masara ta gasa.

Zan gaya miki wani abu, kada ki faɗa wa 'yan biyu. Jiya da kika tafi unguwar Ndogbong sallama da ƙawayenki, na ce bari ni ma in gwada zaman gidan nan ba ke, tunda ni ne mai cewa a gwada komai tun kafin ranarsa. Na zauna a zaure da niyyar ba zan nemi komai a wurinki ba har dare. Ban kai la'asar ba na ji bakina yana cewa, “Ummi, zo ki karanta mini saƙon nan.” Mamanki ta leƙo daga madafa ta ce, “Malam, gwajin bai yi ba ke nan.” Na ce bai yi ba. Ta zo ta zauna kusa da ni, muka yi ta juya wayar, daga ni har ita ba mai ganin ƙananan rubutun. Wannan kam ban san yadda ake shirya masa ba. Sai dai ki riƙa kira.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin ruwa da wuta da na mutum, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari. Allah Ya sa albarka a hannuwanki, duk matar da ta zo gabanki ta tashi da ɗanta lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, har da ƙofar sito. Ki gaida Gwaggonki da mutanen gidanta. Mamanki da Hasan da Usaini suna gaishe ki, Mama Odil ma ta ce a sa sunanta.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba